Mako Guda a Ayalan: Ka Fara Lissafi da Masauki

Ƙanena, takardarka ta iso, na kuma ga tambayar da ka ɗora a ƙasanta. Ka tsara wa baƙi kwana bakwai, ka sa Dublin da Kilkenny da Cork da Killarney da Galway da Belfast, kowane gari kwana ɗai-ɗai, sannan a ƙarasa da duwatsun Giant's Causeway, kana tambaya ko ya yi. Wuraren da ka zaɓo babu na yarwa a cikinsu, wannan kam ka yi karatu. Tsarin ne ba zai ɗauku ba. Ka fara da abin da za a gani, alhali a wannan sana'a ta kai baƙi yawon buɗe ido da wurin kwana ake farawa.

Duba abin da kwana ɗai-ɗai ke nufi ga mutumin da ya biya kuɗinsa. Kullum da sassafe sai ya haɗa akwati ya fito da shi ƙofar ɗaki, a ƙirga kaya, a loda a bas, a ƙirga mutane. Da yamma a sauke, a tsaya layin karɓar makulli, a nemi ɗaki. Tsakanin wannan da wancan awa biyu ta tafi a kowace rana, ba a ga komai ba. Zuwa rana ta huɗu dattawan cikinsu sun gaji, sai ka ga kana ta bayani a makirfo, rabin bas na gyangyaɗi. Ni a mako guda masauki uku nake sa wa baƙi, kwana bibbiyu: Dublin, Killarney, Galway. Ka kafa waɗannan ukun tukuna, sauran abubuwa su zo su sami gurbinsu a tsakani.

Belfast kuwa cire ta, kuma ba don nisa kaɗai ba. Daga Dublin tafiyar awa biyu ce, hanya mai kyau. Amma Belfast da Giant's Causeway suna Arewacin Ayalan ne, ƙarƙashin Birtaniya. Ba shinge, ba jami'i a kan iyaka, sai dai ka ga allunan hanya sun juye daga kilomita zuwa mil, kuɗi sun koma fam maimakon yuro. Wannan rashin shingen ne ke yaudarar sabon shiga. Baƙon da ya zo da fasfon Najeriya da bizar Ayalan, bizar ba ta ba shi izinin taka ƙasar Birtaniya ba, sai da wata daban. Haka wanda ke riƙe da bizar Shengen, wadda ke shigar da mutum ƙasashen Turai da dama, kada ya ɗauka za ta shigo da shi nan, domin Ayalan ba ta cikin wannan tsari. Idan ka tsallaka da mutum ba takarda aka tare shi, kai ka jefa shi, kuma abin na iya bin sa a duk bizar da zai nema gaba. Saboda haka tun kafin ka zana hanya, ka san fasfon kowane baƙo da abin da aka buga masa a ciki.

Sai direba. Ban ga lissafinsa ko kaɗan a takardarka ba, shi kuwa doka ce ke riƙe da shi. A ƙa'idar Tarayyar Turai direban babbar bas tuƙin awa 9 gare shi a rana, bayan awa huɗu da rabi dole ya huta minti 45, da dare kuma asalin hutunsa awa 11 ne. Akwai na'ura a motar da ke rubuta duk wannan, ba ta jin roƙo. Idan ka riƙe shi har ƙarfe goma na dare don a kai baƙi cin abinci, kada ka sa rai da tashin ƙarfe bakwai. Kafin ka buga tsarin ka nuna wa kowa, zauna da direban da zai yi tafiyar, ka shimfiɗa masa takarda ka yi shiru. Shi ya san gadar da bas ba ta shiga, da wurin da babu filin ajiye mota bayan ƙarfe goma sha ɗaya. Lokacin da taswirar waya ta ba ka na ƙaramar mota ne. A hanyoyin karkara na yamma, masu ƙunci da katangar dutse hagu da dama, ka ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kai.

Ranar farko kada ka ɗora mata nauyi. Mutane sun kwana a jirgi, wasu sun canja jirgi sau biyu. A zaga da su cikin gari a bas, su ga kogin Liffey da titin O'Connell da babban gidan waya inda aka shelanta tawayen 1916 a kan mulkin Birtaniya, su ci abinci su kwanta. Rana ta biyu ce ta Dublin sosai. Kwalejin Trinity, wadda aka kafa a 1592, a nan littafin Kells yake, Linjila ce da aka rubuta da hannu aka ƙawata wajen shekara ta 800. Shiga da tikiti mai lokaci ne, ka saya tun da wuri. Gidan yarin Kilmainham, inda aka harbe jagororin tawayen 1916, ya fi shi wuyar samu, domin ba a shiga sai da jagoran gidan, kuma guraben kaɗan ne. Kada ka rubuta sunansa a takardar talla sai tikitin na hannunka.

Akwai wuri ɗaya a Dublin da masu shirya tafiya da yawa ke tsallakewa, ni kuwa ba na tsallake shi: ɗakin adana littattafai na Chester Beatty, a harabar fadar Dublin. Shiga kyauta ne. Suna da tarin Alƙur'anai rubutun hannu da ke cikin mafiya daraja a duniya, har da wanda Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira. Ba kullum kowane kwafi ke fili ba, ana juya su, don haka kada ka yi alkawarin wani takamaimai. Amma ka kai mutanenmu can ka ba su awa guda da rabi, ka ga yadda za su tsaya gaban gilashi suna bin layin rubutu da ido. Gidan giyar Guinness kuwa, wanda kusan kowane tsari ke sawa, ka tambaya tukuna. Wasu baƙi na so, wasu ko ƙofarsa ba za su taka ba. Ka raba rana gida biyu, kowa ya bi inda ransa ya kwanta, a haɗu da la'asar.

Rana ta uku ita ce doguwa, tuƙi kusan awa biyar. Ka zaɓi ɗaya tsakanin Kilkenny da dutsen Cashel mai kangayen tsofaffin majami'u a kansa, kada ka haɗa su; taura biyu ba ta taunuwa. Ni Cashel nake ɗauka domin a bakin babbar hanyar Cork yake, awa guda ta ishe shi. Daga nan a gangara Cobh, tashar jiragen ruwa kusa da Cork. Kowa zai tambaye ka jirgin ruwan Titanic, gaskiya ne a nan ya yi tsayuwarsa ta ƙarshe ranar 11 ga Afrilu 1912, mutum 123 suka hau. Ka ba su wannan, amma kada ka tsaya a kansa. Labarin da ya fi girma a wannan tashar na masu hijira ne. Daga 1845 cuta ta faɗa wa dankalin turawa, wanda shi ne abincin talaka, shekara bayan shekara. Kimanin mutum miliyan ɗaya yunwa da cututtukanta suka kashe, fiye da miliyan suka bar ƙasar, alhali ana ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi daga tashoshin ƙasar zuwa waje. Tsibirin da ya haura mutum miliyan 8 a ƙidayar 1841 har yau bai koma wannan adadi ba. Baƙon da bai ji wannan a rana ta uku ba, idan ya isa yamma ya ga kangayen gidaje a gefen tsauni, zai ɗauka kayan ado ne na ɗaukar hoto. Ka faɗa da nutsuwa, ba da muryar talla ba. Mutanenmu sun san fari da yunwa a labarin kakanninsu, ba sai ka yi musu dogon sharhi ba.

Killarney, kwana biyu, saboda zagayen Kerry. Kilomita 179 ne, yini guda cur. Manyan bas duk hannu ɗaya suke bi, su fita ta Killorglin, su bi Cahersiveen da Waterville da Sneem, su dawo ta Moll's Gap, don kada biyu su yi karo a inda hanya ba ta ɗaukar biyu. Kada ka yi dabarar juyawa wai don ka kauce wa cunkoso. Dabarar da ke aiki ita ce ka riga kowa fita, ko ka bari su yi gaba da rabin awa. Ka kuma duba kalanda: daga 10 zuwa 12 ga Agusta ana bikin gargajiya na Puck a Killorglin, garin cika yake yi maƙil. Wani baƙo zai ce a kai shi tsibirin Skellig Michael don ya gan shi a hoto. Ƙananan jiragen ruwa ne ke zuwa, a lokacin bazarar ƙasar kaɗai, in teku ta yarda, ga matakala wajen 600 na dutse ba abin dafawa. Wannan ba tafiyar ayari ba ce, ka gaya masa gaskiya tun farko.

Wani abu da za ka ɗauka ƙarami ne: ban ɗaki. Kada awa biyu ta wuce ba ka tsaya inda akwai shi ba, kuma ka san wuraren da sunansu kafin a tashi. Dattijuwa ba za ta ɗaga hannu a cikin mutum talatin ta faɗa maka ba, sai dai ta daina shan ruwa, zuwa yamma ciwon kai ya kama ta.

Daga Killarney zuwa Galway kada ka zagaya ta Limerick. Bi ta Tarbert ka shiga jirgin fito, minti 20 ya tsallaka da ku bakin kogin Shannon zuwa Killimer, baƙi su sauko su sha iska, ƙafafu su miƙe. Sai gaɓar Moher, inda dutse ya miƙe tsaye daga teku har mita 214 a wuri mafi tsawo. A nan nake so ka saurare ni da kyau. Akwai ranakun da hazo ke rufe wurin ruf, ka tsaya a bakinsa kana jin ƙarar teku ba ka ganin komai. Ba ka da iko da wannan. Abin da ke hannunka shi ne kada ka sayar da tafiyar gaba ɗaya a kan hoton Moher, kuma ka bar sarari a ranar, ta yadda in an iso cikin hazo za a iya cin abinci a jira, domin sararin nan yakan sauya cikin awa guda. Wanda ya cusa abu biyar a yini ba shi da wannan awar. Ka hana kowa tsallake shinge don hoto, ka faɗa da kakkausar murya tun a bas. Lema ba ta da amfani a can, iska za ta juye ta. Rigar ruwa da takalmi mai riƙo za ka rubuta musu a jerin kayan da za su taho da su, ko da a watan Yuli ne. Bayan nan hanya ta ratsa Burren, fili ne na dutsen farar ƙasa mai tsage-tsage, tsayuwar minti ashirin ta isa.

Rana ta shida na fi so a saki mutane. Wanda ke da ƙarfi a kai shi Connemara ya ga tafkuna da gidan Kylemore, ya ji ana Gelik, harshen asali na ƙasar, a kanti. Wanda ya gaji ya zauna a Galway ya yi tsaraba. Za ka ji kamar ka tauye su, tunda sun biya. Ba ka tauye su ba. In ka tambaye su daga baya, da yawa wannan ranar za su ambata. Sai dai ka kiyayi ƙarshen Yuli, lokacin bikin fasaha da tseren dawaki na Galway, ɗaki wuya yake yi, kuɗinsa kuma ya ninka. Mayu da Yuni da Satumba sun fi sauƙin sha'ani.

Maganar abinci da salla kada ka bar ta sai an iso. Karin kumallon da otal ke alfahari da shi a nan naman alade ne iri-iri, har da wani baƙin tsiran da ake yi da jini. Ka rubuta wa kowane otal tun da makonni, ka nemi ƙwai da kifi da wake da burodi, a kuma soya su a kasko daban. Kifi a yammacin ƙasar ba ya ba da kunya. Dublin da Cork da Galway akwai gidajen abincin halal, amma a ƙauyukan Kerry kada ka dogara da samu. Idan Juma'a ta faɗo cikin tafiyar, ka juya tsarin ta same ku a babban gari. A Dublin akwai masallaci a titin South Circular, ka kira ka tabbatar da lokacin huɗuba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, alfijir kuma ya keto tun mutum bai gama juyi ba. Ka buga musu jadawalin salla na kowane gari, ka yi la'akari da cewa wanda ya jira isha'i ya kuma tashi asuba bai yi barcin kirki ba, kada ka sa masa tashin sassafe kwana biyu a jere.

Ranar ƙarshe daga Galway zuwa Dublin awa biyu da rabi ce a babbar hanya. In jirgi na yamma ne, a ratse Clonmacnoise a bakin Shannon, tsohuwar cibiyar ibada da karatu ta ƙarni na shida. In na safe ne, kada ka yi caca da shi, ƙara musu kwana ɗaya kusa da filin jirgi ka sa a cikin farashi tun farko.

Sake zana takardar a kan masaukai ukun nan, ka rubuta awannin tuƙi a gefen kowace rana, da wuraren tsayawa. Ka kira otal-otal ɗin Killarney kafin na sauran, domin su ke fara cika. Idan ka gama ka kawo mini ranar Litinin, mu zauna da direba mu bi ta layi-layi.