Sai in ci kilomita hamsin ban san na ci ba: titi ne, barci ne ko mutanen ɓoye?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ni direban tirela ne mazaunin Jidda, shekarata 38. Ina ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Riyad, galibi da dare saboda zafi. Wata uku ke nan wani abu yana damuna. In na wuce Ta'if na miƙi hanya, idona biyu, hannuna a kan sitiyari, sai kawai in ga allon hanya ya nuna na ci kilomita hamsin, alhali ban iya tuna komai a tsakani. Sau biyu kuma, wajen ƙarfe uku na dare, na ga raƙumi tsaye a tsakiyar titi, na taka birki, ashe babu komai. Mahaifiyata ta ce mutanen ɓoye ne, ta karɓo mini tofi. Wani abokin aiki kuma ya ce titi ne ke yi wa mutum tanwim, wato ya ɗauke masa hankali idonsa biyu, ya ba ni wata ƙwaya mai hoton jinjirin wata biyu, wai in na sha zan kai Riyad garau. Ban sha ba tukuna, tana cikin mota. Me ke faruwa da ni?

Amsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin mu shiga bayani, ƙwayar nan kada ta sake kwana a motarka. Zan dawo kanta a ƙasa.

Abubuwa biyu ka kwatanta mini, ka zuba su a kwando ɗaya, alhali asalinsu daban ne. Ɗaya kusan kowa yana yinsa. Ɗayan kuwa shi ya sa na ajiye sauran wasiƙu na fara da taka.

Mu fara da tafiyar da ba ka tuna ba. Na tabbata ka taɓa tayar da sallar azahar, ka karanta Fatiha da sura, ka yi ruku'u ka yi sujada, sai da ka zauna ka rasa ko raka'a ta biyu kake ko ta huɗu. Harshenka bai tsallake aya ba, goshinka bai kuskure ƙasa ba, amma hankalinka yana can wajen kuɗin haya ko wata magana da aka faɗa maka da safe. Abin ya zama ruwan dare har malaman fiƙihu suka ware masa babi guda, na ƙabli da ba'adi. To abin da ke samunka a hanya ɗan'uwan wannan ne. Duk aikin da mutum ya maimaita sau dubbai, ƙwaƙwalwa takan sauke shi daga wuyan tunani ta miƙa wa wasu sassa nata na can ciki, masu aiki ba tare da an tsaya a kansu ba. Su ke riƙe maka sitiyari, su ke daidaita ƙafarka a kan totur. Ita kuwa ma'ajiyar tunawa ba ta rubuta komai sai abin da hankali ya sauka a kansa. Saboda haka kilomita hamsin ɗin nan ba mantawa ka yi da su ba, tun farko ba a rubuta su ba.

Hanyar taka kuma kamar don wannan aka shimfiɗa ta. Daga Jidda zuwa Riyad kusan kilomita 950 ne, kuma da zarar ka bar duwatsun Ta'if a baya ka nufi Muwaih da Zalim da Ƙuwai'iyya, kwalta ce miƙaƙƙiya, farin layi yana ta shigewa ƙarƙashin fitila ɗaya bayan ɗaya, ƙarar inji ba ta sauyawa. A 1963 wani masani mai suna G. W. Williams ya yi rubutu a kan wannan yanayi da sunan da abokinka ya faɗa, wato tanwim na babbar hanya. Don haka a nan bai yi ƙarya ba, sai dai rabin gaskiya ya faɗa.

Tanwim, wanda Turawa ke kira hifnosis, mutane da yawa suna ɗaukarsa rufa-ido ne ko wani asiri. Laifin sunan ne. Larabawa suna cewa tanwim magnaɗisi, wato sa barci da maganaɗisu, kuma kalmomin biyu duk kuskure ne da aka gada. Maganaɗisun ya samo asali ne daga wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, wanda ya yi ikirarin cewa akwai wani ƙarfi ɓoyayye mai kama da na maganaɗisu da ke kwarara daga jikinsa zuwa na marar lafiya. A 1784 Sarkin Faransa ya naɗa kwamiti, har da masanin kimiyya ɗan Amurka Benjamin Franklin a ciki, suka rufe wa mutane ido suka gwada, suka gano cewa mutum yana faɗuwa ne idan ya yi zaton ana yi masa, ko da ba a yi masa komai ba. Bayan kusan shekara sittin, wani likitan tiyata a Manchester, James Braid, ya nuna cewa ba a buƙatar wani mai baiwa: ka sa mutum ya kafa wa abu mai sheƙi ido na 'yan mintuna, sai fatar idonsa ta yi nauyi, hankalinsa ya tattaru wuri ɗaya. Littafinsa ya fito a 1843. Ka lura da kamar da ke tsakanin abin Braid mai sheƙi da jan fitilar motar da ke gabanka.

Barcin ma ba barci ba ne. Idan aka auna igiyar lantarkin ƙwaƙwalwar wanda aka yi wa tanwim, ta mai ido biyu ake gani. Abin da ke faruwa shi ne hankali ya matse a kan abu ɗaya, abin da ke gefe ya dusashe, sannan mutum ya fi saurin bin abin da ake raya masa. Gwaje-gwajen da Ernest Hilgard da abokin aikinsa suka tsara a Jami'ar Stanford tun 1959 sun nuna mutane sun bambanta: kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari suna nitsewa sosai, wasu ko a jikinsu, mafi yawa suna tsakiya. Likitoci suna amfani da shi wajen rage zogi da fargaba. A cikin motarka babu mai raya maka komai, don haka matsewar hankali da dusashewar abin da ke gefe kawai kake samu.

Masu zaman wuridi bayan asuba sun san wani abu makamancin haka, inda sa'a guda kan wuce kamar minti goma. Amma mai zikiri aiki yake yi: duk lokacin da zuciyarsa ta sulale, sai ya kamo ta ya dawo da ita kan abin da yake faɗa. Kai kuwa taka ta sulale ne ba mai kamo ta. Shi a kan buzu yake zaune, kai kana jan kwantena.

Yanzu raƙumin. Wannan ba tanwim ba ne, barci ne tsagwaronsa. Tun daga lokacin da ka farka, wani sinadari da ake kira adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma yawansa shi ne nauyin da kake ji a ido. Ga kuma agogon jiki, wanda ke kaiwa ƙasa tsakanin ƙarfe biyu na dare da shida na safe ko da ka yi barcin rana. Idan biyun suka haɗu, ƙwaƙwalwa ba ta neman izini. Takan ɗauke na daƙiƙa biyu, uku, har goma, wani lokaci ido a buɗe, kuma sau da yawa mutum zai rantse bai runtsa ba. A bakin wannan iyaka, tsakanin farke da barci, mafarki yakan zubo cikin abin da ido ke gani. Wani ya ji an kira sunansa, wani ya ga mutum ya gitta. Kai raƙumi ka gani domin shi ne abin da kowane direban hamada ke tsoro da dare, ƙwaƙwalwarka kuma ta ɗauko abin da ya fi kusa da hannu. Dannau da ke danne mutum a kan gado ya kasa motsi ma daga wannan iyakar yake fitowa.

Ka yi lissafin da kanka. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗu mita 100 ke nan, tsawon filin ƙwallo, babu kowa a kan sitiyari. A 1997 masu bincike biyu a Ostareliya, Dawson da Reid, sun auna saurin hannu da ido na mutanen da aka hana barci, suka ga wanda ya yi awa 17 a farke aikinsa ya yi daidai da na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wanda ya yi awa 24 kuma kamar mai 0.10. Kai da ba ka taɓa kai giya bakinka ba, kana iya tuƙi irin na mashayi.

Yadda za ka bambance su: idan rafkanuwa ce kawai, motar tana kan layinta, kuma da wani ya danna maka hon za ka amsa nan take. Idan barci ne, za ka ga hamma ta yi yawa, kai yana rinjaya, ido yana yaji, taya tana hawa layin gefe, ka wuce mararrabar da ka saba. Amma kada ka sakankance da na farkon, domin a jikin da ya gaji, shi ne zauren da ake bi a shiga na biyu.

Game da Hajiya, Allah ya saka mata, addu'ar uwa ba abin wasa ba ce, kuma ba ni da hurumin yin fatawa a kan gaibu. Abin da zan roƙe ka shi ne ka sami ɗan littafi, mako biyu kana rubuta awa nawa ka yi barci kafin kowace tafiya da ƙarfe nawa abin ya zo. In ka ga baƙon naka ba ya zuwa sai daren da ka yi barcin awa huɗu, kuma ba ya zuwa sai wajen ƙarfe uku, ka kai mata littafin ku duba tare.

Ƙwayar kuwa Kaftagon ce, wadda a nan ake yi wa laƙabi da Abu Hilalain saboda jinjirin watan nan biyu. Asalinta magani ne mai suna fenetilin da aka haɗa a Jamus ta Yamma a 1961 don masu cutar yawan barci da yara marasa natsuwa, aka sa shi cikin jerin magungunan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗaure a 1986, kamfanoni suka daina yi. Wadda ke yawo yanzu jabu ce, amfetamin ne, wani sinadari mai zaburar da ƙwaƙwalwa, gauraye da kafeyin irin na gahawa da goro, da duk abin da mai haɗawa ya ga dama, kuma ba wanda zai gaya maka nawa ne a cikin ƙwaya ɗaya. A watan Agustan 2022 hukumomi sun kama kusan miliyan 47 a Riyad, an ɓoye cikin buhunan fulawa. Ka ga ba ƙaramar kasuwa ba ce, kuma masu aikin dare irinku suna cikin waɗanda ake yi wa talla.

Amfetamin yana matse jijiyoyin ƙwaƙwalwa su zubo da sinadaran da ke zaburar da jiki, dofamin da noradirinalin, fiye da ƙima. Sai zuciya ta yi sauri, yunwa ta ɗauke, mutum ya ji shi ne sarkin hanya. Amma adinosin ɗin nan yana nan yana taruwa, ƙwayar ba ta goge ko ɗigo ba, ƙararrawar kawai ta kashe. Bashi ne, kuma ranar biya takan zo ne ba zato, wani lokaci a tsakiyar titi. Abin da ya fi tayar mini da hankali a irinka shi ne, ƙwaƙwalwarka ta riga ta fara nuna maka abin da babu. Ka ɗora mata amfetamin da kwana biyu ba barci, raƙumi sai ya koma motar da ke binka, da muryoyi, da zargin abokan aiki suna haɗa maka tuggu. Tun 1958 wani likita a Ingila, Philip Connell, ya bayyana wannan taɓin hankali na amfetamin, ya nuna da wuya a bambanta shi da na asali. Na zauna da masu irin wannan a ɗakin duba marasa lafiya: leɓe a bushe, haƙora suna gugar juna, ido ba ya barin ƙofa, kuma akasari da ƙwaya ɗaya ta kyauta daga aboki aka fara. Ban ma taɓo doka ba, ka fi ni sanin abin da ke samun wanda aka kama da ita a shingen bincike a ƙasar nan.

Maganin barci barci ne. Ka nemi awa bakwai kafin ka tayar da mota, a ɗaki mai duhu, waya a kashe. Ka tsara tafiyar yadda ƙarfe biyu zuwa asuba za ta same ka a tsaye a istiraha, wato wurin hutawar matafiya, ko da mai kaya zai yi ƙorafi. Duk awa biyu ka sauka ka taka ƙasa. In alamun nan suka zo, ka faka nesa da titi, ka sha gahawa ko ka ci goro, ka kwanta minti ashirin nan take; kafeyin yakan ɗauki kusan wannan lokaci kafin ya fara aiki, sai ka farka ya tarye ka. Sauke gilashi, wanke fuska da ƙure rediyo ba sa wuce 'yan mintuna. Karatu ko wuridi a hankali da murya ɗaya, a irin wannan sa'a, yana iya ƙara maka lumshe ido, don haka in ka ji nauyi, tsayawa za ka yi.

Sannan ka ga likita a wannan makon, kafin tafiya ta gaba in da hali. Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya za ta nuna maka inda za ka. Akwai cututtuka uku da nake so a cire: ciwon suga, wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da mutum sai dai ta ɗauke shi na ɗan lokaci yana zaune, da kuma ɗaukewar numfashi cikin barci, wadda ta yi yawa a direbobin manyan motoci, musamman masu jiki da kaurin wuya. Mai wannan yana iya kwana awa takwas ya tashi kamar an yi masa duka. Kai ba za ka sani ba, sai wanda ke kwana kusa da kai. Ka tambayi maiɗakinka ko kana minshari mai ƙarfi, ko ta taɓa jin numfashinka ya tsaya shiru sannan ka shaƙo shi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Abin da ta faɗa maka, ka haɗa da ɗan littafin nan ka miƙa wa likita.