Matsattsaku a wurin jinya: tambayoyinku da amsar likita

Wata nas daga Aboabo ta ce: Likita, na ji ana ɗora wa majiyyaci matsattsaku a asibiti. Idan aikin ya zo hannuna, me zan kula da shi?

Haka ne, 'yar'uwa. Ana yin sa idan an ɗinke yatsa ko kunne da ya guntule, jini yana shiga amma ya kasa fita, wurin ya kumbura ya yi duhu. Matsattsaku yana tsotse jinin da ya taru, a miyaunsa kuma akwai sinadarin hirudin mai hana jini daskarewa. Hukumar FDA ta Amurka, mai kula da abinci da magunguna, ta amince da wannan tun 2004.

Ki wanke wurin da ruwa zalla, ban da sabulu da turare, don ƙamshinsu yana hana shi kamawa. Ki kewaye wurin da bandeji kada ya yi yawo, ki ƙirga nawa kika ɗora, nawa kika cire. In ya ƙoshi, yawanci kafin awa guda, zai saki da kansa, kada ki fizge shi. Daga nan ne aikinki yake farawa, kuma nan na fi jin tsoro: wurin zai yi awoyi yana tsiyayar jini, har jinin mutum ya ragu ba a farga ba. A riƙa auna jininsa a kai a kai. Sannan a cikin matsattsaku akwai ƙwayar cuta mai suna Aeromonas, shi ya sa ake ba majiyyaci magani irin siprofulokzasin. In kika ga zazzaɓi ko mugunya, kira likita nan take. Wanda aka cire a kashe shi cikin sifirit, ba a mayar da shi jikin wani.

Wani dattijo daga Asawase ya ce ƙafarsa ta kumbura, ko ya sa yara su kamo masa na rafi?

Baba, don Allah kada ka yi. Na asibiti kiwonsa ake yi cikin tsabta, na rafi ba ka san jinin wa ya sha ba. Kumburin ƙafa kuma yakan fito daga zuciya ko ƙoda. Ka je asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi a duba ka.

Wata baiwar Allah mai shan warfarin, maganin tsinka jini, ta ce, ita fa?

Hajiya, jininki ya riga ya tsinke da magani. Kada ki yarda a ɗora miki, ko ƙahon wanzami kada ki yi sai likitanki ya sani.