Ko kwamfuta na ganin zinare a ƙarƙashin ƙasa?

TAMBAYA: Malam, wani abokina ya nuna mini hoto mai launi-launi a kwamfutarsa, yana jujjuya shi ta sama, ta ƙasa, ta gefe. Ya ce zinaren da ke kwance a wani fili ne wajen Birnin Gwari, in kawo kuɗi mu haƙa. Da gaske kwamfuta na ganin cikin ƙasa? Daga mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa, kwamfuta ba ta gani, abin da aka ɗura mata shi take ginawa a kai. Irin wannan taswira mai tsawo da faɗi da zurfi aiki ne na gaske, da ita manyan kamfanonin ma'adinai ke tsara haƙa. Amma tushenta rami ne.

Injin da aka jera wa lu'ulu'u a baki ne ke huda ƙasa, ya fito da dogon mulmulallen dutse. Sai a jera shi a akwatuna, a rubuta zurfin kowane gutsure, a tsaga shi biyu, rabi ya tafi ɗakin gwaji don a san giram nawa na zinare ke cikin tan guda. Giram 2 ko 3 ma kan isa a kafa kamfani, in dutsen na da yawa. Waɗannan alƙaluma ake ba manhaja irin Leapfrog ko Surpac, ita kuma ta cike giɓin da ke tsakanin ramuka da ƙiyasi. Wani injiniyan Afirka ta Kudu, Danie Krige, ne ya aza harsashin wannan lissafi a 1951.

Ka taɓa ganin ɗan kasuwa a Giwa yana soka ƙarfe a buhun masara? Wanda ya soka sau ɗaya a bakin buhu bai san abin da ke gindi ba. To zinaren Birnin Gwari ya fi haka wuyar sha'ani, domin a cikin jijiyar farin dutse yake, ita kuwa takan sirance, ta lanƙwashe, ta yanke ba sallama. Ramuka biyu masu tazarar mita 100 na iya barin ta a tsakiya, ko ɗaya ya dace da wuri mai kyau manhaja ta shafa wa fili duka jan launi, alamar zinare mai yawa. Nan ne hankalina ba ya kwanciya da hoton abokinka, don yanzu duk mai manhaja zai iya fito da hoto mai kyau.

Tambaye shi rami nawa aka huda, wane zurfi, ina takardar ɗakin gwajin. In da taswirar ƙarfin maganaɗisun duwatsu ta Hukumar Binciken Ƙarƙashin Ƙasa ta Najeriya ya yi aiki, wadda aka ɗauka daga jirgin sama, wurin da ya kamata a bincika kawai take nunawa. Ka kuma nemi ganin lasisinsa daga ofishin rajistar ma'adinai na Abuja, kamar yadda dokar ma'adinai ta 2007 ta tanada.

In ya kawo takardun, Samaru ba nisa. Kai su sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello, wani malami ya duba maka kafin ko sisi ta bar aljihunka.