Ciwon haƙori ne, me ya kai mu ga fiɗar ƙirji?

Tambaya: Likita, ƙanena ya yi kwana shida yana ciwon haƙori, sai haɓarsa ta kumbura, wuya ya bi, har haɗiyar yawu ta gagara. Mun kawo shi Damagaram daga Miriya, an ce za a tsaga wuya, wataƙila har ƙirji. Allurai ba za su isa ba?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Allura kaɗai ba za ta isa ba, kuma ina roƙonku kada ku ja lokaci wajen amincewa.

Naman wuya hawa-hawa yake, da 'yar rata tsakanin kowane hawa. Akwai wata rata a bayan maƙogwaro da ta miƙe har cikin ƙirji, babu abin da ya tare ta. Idan mugunya ta taru a gindin mataunin ƙasa, takan fara cika ƙarƙashin harshe, ciwon da likitan Jamus Ludwig ya bayyana tun 1836. Daga nan sai ta gangara, nauyinta na jan ta, numfashi ma na zuƙo ta, har ta isa tsakanin huhu biyu, inda zuciya da manyan jijiyoyin jini suke. Jini ne ke kai magani, shi kuwa ba ya shiga mugunya da mataccen nama. Sai an buɗe an kwashe.

Numfashi ake fara tsarewa, wani lokaci sai an huda maƙogwaro an sa tiyo. Sannan hoton sikana ya nuna iyakar inda mugunyar ta kai. In ba ta wuce saman ƙirji ba, ta wuya ake bi a janyo ta. In ta sauka ƙasa da inda bututun iska ya rabu biyu, hannu ba ya kaiwa ta wuya, dole a shiga ta tsakanin haƙarƙari, a wanke, a bar robobi suna tsiyayar da saura.

Kada hankalinki ya tashi in kin ga an bar mikin a buɗe, ko an sake ɗaukar hoto bayan kwana 2 ko 3 an mayar da shi ɗakin fiɗa. Haka aikin yake, ba kuskure aka yi ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne sakiyar wanzami da gashi da ruwan zafi: waje ya sace, ciki na ci. Ku tabbatar an auna masa sukari, domin ciwon sukari na ƙara wa wannan cuta gudu, kuma a cire haƙorin da ya haddasa ta.