Ƙanena, kara daban, tsoro daban

Ka ce a wurin aiki kana barin manya su gama magana kafin ka sa baki, har abokanka na cewa ka cika sanyi, za a raina ka. Ƙanena, kada ka biye musu. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Na daɗe ina zaman sulhu tsakanin ma'aikata, kuma abin da nake gani kullum shi ne mutum ba ya faɗin ainihin abin da ke cinsa a farkon magana. Sai ya zagaya, ya yi ƙorafin ƙananan abubuwa, yana auna fuskarka. In ka katse shi a nan, ka tafi da ƙorafin, damuwar tana nan a cikinsa. Ko likitoci ba su tsira ba: wani bincike da Beckman da Frankel suka yi a Amurka a 1984 ya nuna likita kan katse majiyyaci bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayani. Wanda aka bari ya amayar da abin da ke ransa kuwa, ko ka saɓa masa daga baya, yakan karɓa, don ya san an ji shi.

Sai dai akwai shirun da ban yarda da shi ba. A 1977 jiragen sama biyu sun yi karo a kan titin tashi a filin jirgin Tenerife, wani tsibiri na ƙasar Spain, mutum 583 suka rasu. Injiniyan jirgin da ke shirin tashi ya tambayi kyaftin ɗinsa ko ɗaya jirgin ya bar hanya, kyaftin ya ce e, shi kuma bai nanata ba. Bayan irin waɗannan haɗurra ne aka fara koya wa ma'aikatan jirgi yadda ƙarami zai ja hankalin babba, babban kuma ya saurara.

To ka duba naka shirun. In kana jira ne babba ya gama don ka fahimce shi, ka ci gaba. In kuwa ka ga kuskure ƙiri-ƙiri ka haɗiye don gudun ɓacin ran maigida, wannan tsoro ne. Ni abin da nake yi, in ya kai aya sai in ce, “Ranka ya daɗe, in na fahimce ka, kaza kake nufi.” Ya ce haka ne, sannan in ce akwai wuri ɗaya da nake da ja. In abin zai kunyata shi gaban mutane, kuma ba na gaggawa ba ne, nakan bari a tashi in same shi shi kaɗai.