Me Ya Sa Amurka Take Fara Labarinta Daga Plymouth?

Tambaya: Malam, na karanta cewa Turawan Ingila sun kafa garin Jamestown tun 1607, amma mutanen jirgin ruwan Mayflower da suka iso a 1620 su Amurkawa suke ɗauka a matsayin kakanninsu. Me ya jawo haka?

Amsa: Abin da ka karanta daidai ne, kuma ko Jamestown ɗin ma ba shi ne na farko ba, domin Sifaniyawa sun riga sun kafa St. Augustine a Florida tun 1565. Matsayin da Plymouth, garin da mutanen Mayflower suka kafa, ya samu zaɓi ne da mutanen baya suka yi, kimanin shekara ɗari biyu bayan saukar jirgin, lokacin da sabuwar ƙasa take neman labarin asali da za ta iya koya wa 'ya'yanta ba tare da jin kunya ba.

Jamestown bai dace da wannan buƙata ba. Wani kamfanin kasuwanci na Landan ne ya tura maza 104 neman riba, kuma a hunturun 1609 zuwa 1610 yunwa ta yi musu mummunar ɓarna har wasu suka ci naman gawa. Noman taba ne ya ceci garin, kuma a 1619 aka sauke kamammun 'yan Afirka kimanin ashirin a gaɓar Virginia, yankin da Jamestown yake. A wannan shekarar ce kuma majalisar wakilai ta farko ta zauna a can, amma wannan bai isa ya wanke sunan wurin ba.

Plymouth kuwa yana da iyalai, mata da yara, da mutanen da suka rabu da Cocin Ingila saboda aƙida, da yarjejeniyar zaman tare wadda maza 41 suka sa wa hannu a cikin jirgi. Sai dai labarin da aka saba bayarwa yana tsallake abubuwa da dama. Masu aƙidar sun riga sun sami 'yancin ibada a birnin Leiden na ƙasar Holan, inda suka yi fiye da shekara goma, kuma talauci da tsoron kada 'ya'yansu su narke cikin al'adun Holan suna cikin dalilan tashinsu. Cikin fasinjoji 102, da yawa ba 'yan ƙungiyar ba ne, neman abin zaman gari ya kawo su. Kusan rabinsu sun mutu a hunturun farko.

Wurin da suka sauka ma kufai ne na ƙauyen Patuxet na ƙabilar Wampanoag, wanda annoba ta share tsakanin 1616 da 1619. Tisquantum, mutumin da ya koya musu shuka masara, ya iya Turanci ne saboda wani matuƙin jirgi Bature ya sace shi a 1614 ya kai shi Sifaniya domin sayarwa, daga can kuma ya isa Ingila. Shugaban Wampanoag, Massasoit, ya ƙulla amana da baƙin a 1621 ne domin yana buƙatar ƙawaye a kan maƙwabtansa Narragansett, waɗanda annobar ba ta raunana ba. Walimar girbin da aka yi a kakar wannan shekarar, wadda daga baya aka mayar da ita tushen Ranar Godiya (Thanksgiving), bikin shekara-shekara na Amurkawa, 'yan layuka kaɗan ne kawai aka rubuta a kanta a lokacin: Edward Winslow, ɗaya daga cikin mutanen Mayflower, ya ce an yi kwana uku ana ci, Massasoit ya zo da mutum casa'in, kuma sun kawo barewa biyar.

Shahararren dutsen da ake cewa a kansa suka fara taka ƙasa babu shi a rubuce-rubucen farko. Wani dattijo mai suna Thomas Faunce, ɗan shekara 94, shi ya nuna shi a 1741, ya ce haka ya ji daga manya. Da aka zo ɗauke shi a 1774, sai ya rabe gida biyu.

A ganina, babban dalili shi ne wane ne yake riƙe da alƙalami. Yankin New England na Arewa, inda Plymouth yake, shi yake da manyan makarantu da maɗaba'u da marubuta littattafan 'yan makaranta. Ɗan siyasa Daniel Webster ya yi jawabin cika shekara ɗari biyu a Plymouth a 1820, inda ya ɗaukaka mutanen Mayflower a matsayin tushen 'yancin ƙasar, sannan marubuciya Sarah Josepha Hale ta shafe shekaru tana neman a mayar da Ranar Godiya ta ƙasa baki ɗaya. Shugaban ƙasa Abraham Lincoln ya amsa mata a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, lokacin da Virginia take ɗauke da hedikwatar 'yan awaren Kudu masu kare bauta. Arewa ta ci yaƙi, labarinta ma ya yi rinjaye.

Amanar 1621 ba ta wuce tsara ɗaya ba. A 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawan da Metacom, ɗan Massasoit, aka kashe shi a 1676, aka soke kansa a kan itace a Plymouth, aka sayar da ɗansa a matsayin bawa. Saboda haka ne tun 1970 'yan asalin yankin suke taruwa a kan tudun Cole's Hill da ke Plymouth a Ranar Godiya, suna kiranta Ranar Makoki ta Ƙasa.