Hasken leza da ciwon dasashi: amsoshin likitan haƙori

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Duk sanda na yi aswaki sai jini ya zubo, haƙora biyu har sun fara girgiɗi. An ce akwai na'urar leza mai warkar da wannan ba tare da yanka ba. Gaskiya ne? (Wani magidanci)

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Na'urar akwai ta. Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan rami, a baki mai lafiya zurfinsa ba ya wuce milimita 3. Idan ƙwayoyin cuta suka taru a nan, dattin ya daskare ya yi tauri, sai ramin ya yi ta zurfi, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya riƙa zaizayewa. Girgiɗin da kake ji daga nan yake.

Likita yana zura siririn tsinke mai fitar da haske cikin ramin, hasken ya kashe ƙwayoyin cuta, ya cire naman da ya lalace, ya rage zubar jini. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata hanyar yin hakan mai suna LANAP a 2004. Sai dai tushen magani har gobe shi ne kankare dattin nan da ya manne a saiwar haƙori. Ƙungiyar likitocin dasashi ta Turai, a ƙa'idojinta na 2020, ba ta ba da shawarar ƙara leza a kan kankarewa ba, saboda ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Abin da ke damuna shi ne mutum ya zauna yana tara kuɗin leza alhali ƙashinsa na ci gaba da tafiya. Don Allah ka je a auna ramukan, a ɗauki hoton ƙashin, a kankare. Kada ka wuce wannan watan.

Tambaya: Likita, ina da ciwon suga kuma ina tsoron allura. Leza za ta dace da ni? (Wata uwa)

Amsa: Hajiya, suga ba ya hana a yi, amma sai an daidaita shi tukuna, domin idan ya hau rauni ba ya saurin warkewa. Suga da ciwon dasashi suna ƙara wa juna ƙarfi, kuma gyara dasashi kan taimaka wajen sauko da sugan. Game da allura kuwa, gara ki sani tun yanzu: yawanci ana yin ta kashe zafi ko da leza za a yi aikin. Za a kuma sa miki tabarau na musamman, ke da likitan, don hasken na iya yi wa ido illa.

Tambaya: An yi mini aikin leza a ƙasar waje bara, yanzu jini ya dawo. An cuce ni ne? (Wani matashi)

Amsa: Ba lallai ba ne, ɗan'uwa. Ciwon nan yana dawowa ko da wace hanya aka bi. Ka riƙa goge baki sau biyu a rana, kana tsabtace tsakanin haƙora, kana komawa a duba ka duk bayan wata uku zuwa shida. In kana shan taba ka daina, don tana rage amfanin kowane irin aikin dasashi.